Rarrafen Ife

Ranar da abin ya soma, ruwa ne ya sauka da la'asar ya ɗauke kafin almuru, ya bar Samaru jiƙe sharkaf, kwatoci suna gudu, kwaɗi sun fara kiran juna daga cikin gonaki. Bibiana tana kan keken ɗinkinta, tana ƙarasa wata riga wadda mai ita ba za ta zo karɓa ba sai an dawo daga hutu. 'Yarta Ifeoluwa, wadda ake kira Ife, tana kan tabarma kusa da ƙafarta tana tsotsar murfin roba. Watanta takwas a duniya, kwananta goma sha biyu da fara rarrafe.

Gidan na haya ne, a can bakin unguwa ta wajen hanyar Bomo, inda gine-gine suke ƙarewa masara take farawa. Ɗakuna biyar na ɗaliban jami'a ne, duk sun tafi dogon hutu sun bar kwaɗo a ƙofofinsu. Na shida, ciki da falo da wani siririn lungu da ya bi ta kicin ya dangana da ƙofar sito, shi ne na Bibiana da mijinta Femi. Femi yana Abuja wurin aikin haɗa wutar sola, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Ita 'yar Kagoro ce, danginta suna nesa. Shi Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, kuma uwarsa, wadda take da shagon kwanuka a kasuwa, ba ta hana auren ba, amma ba ta yi masa guɗa ba. Saboda haka sai Bibiana ta wuni ta kwana ba ta yi magana da babban mutum ba, in ban da mai kayan miya.

Tun da Ife ta gane gwiwoyinta suna kai ta inda take so, hutu ya ƙare wa uwarta. Takalmi ta gani sai baki. Ta tura yatsa a soket, ta ja igiyar fanka, ta zazzage kwandon ƙyallaye, ta kama ƙafar keke tana tsakiyar juyawa. Bibiana ta manne soket da salatif, ta ɗaure hannuwan kabad da tsumma, ta mai da almakashi da allurai saman taga. Ba ta dukanta. Sai ta ɗauke ta, ta dube ta ido cikin ido ta ce, "A'a, Ife. Zafi ne," ta miƙa mata cokali ko ludayi ta mai da ita tabarma. Sau hamsin a wuni. Wani lokaci takan tsaya ta tuna, ta ga tun safe ba ta furta wata kalma ba sai wannan.

Yammacin nan ta ɗaga kai daga ɗinki ta ga tabarma wayam. Ta miƙe ta leƙa lungu. Can ƙarshensa, inda hasken taga ba ya kaiwa sosai, Ife tana zaune daram a gaban ƙofar sito, ta ɗaga fuska sama tana washe dasashi kamar mai kallon wanda ya sunkuyo mata. A hannunta akwai wani baƙin maɓalli, tana kai shi baki.

Bibiana ta buɗe baki za ta yi magana, aka riga ta.

"A'a."

Murya ce ta tsohuwa, ƙasa-ƙasa, ba faɗa a cikinta. Yatsun Ife suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kamar ana ɓamɓare su a hankali. Maɓallin ya faɗi, ya gangaro tsawon lungun nan, ya zo ya tsaya a jikin babban yatsan Bibiana.

Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta yi ta maza ta je ta suri 'yarta, ta tura ƙofar siton da ƙafa. Ba kowa. Buhunan siminti ne guda biyu da suka daskare, da tsohuwar garmar mai gida, sai wani suri na jar ƙasa a kusurwa, wanda ko an rushe shi gara take sake tayarwa. Iskar ciki da sanyi, tana warin ƙasa mai laima. Ta ja ƙofar ta rufe, ta kawo benci ta kwantar da shi a bakin lungu don ya tare hanya.

Washegari da almuru ta tarar da bencin a tsaye jikin bango, an jingine shi tsaf kamar aikin mai tsabta, Ife kuma tana gaban ƙofar sito tana tafi.

Ta kira Femi a waya. Ya saurara, sannan ya ce, "Bibi, gajiya ce. Ba kya samun barci. Ki sa kafinta ya yi miki 'yar ƙofa a wurin, in na zo sai mu gani." Tana jin ƙarar injin huda bango a bayansa, da wani yana ƙwala masa kira. Ta ce to.

Kafinta ya zo ya kafa 'yar ƙofar katako a bakin lungun, tsayinta iya ƙugu, da sakata ta can sama. Ife ta rarrafo ta kama sandunan ta girgiza, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Bibiana ta zauna a ƙasa kusa da ita tana shafa bayanta, tana cewa, "Na sani, kina son zuwa. Ba za ki je ba." A ranar, rana tana faɗuwa, tsakuwa ta farko ta sauka a kan kwanon rufi. Ta biyu ta biyo, ta uku, can sai suka zubo kamar ƙanƙara. Bibiana ta fita tsakar gida da yarinyar a goye, ta duba ko'ina. Ƙofofi biyar a kulle, igiyar shanya ba ko motsi, bayan katanga masara ce tsaye shiru. Da jifan ya tsaya, sai wani sauti ya taso daga lungu, irin gunjin da tsofaffi suke yi a maƙogwaro in suna jijjiga jariri. Ife ta kwantar da kai a bayan uwarta, ta yi barci nan take.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, mata uku na zumunta suka biyo ta gida, suka yi waƙa suka yi addu'a a kowane ɗaki. Bibiana ta ji daɗin addu'ar, ta kuma ji daɗin ganin kofuna huɗu a kan tebur. Gidan ya yi lafiya kwana huɗu.

Ranar Alhamis da azahar ta gama wanki, ta ajiye bokitin ƙarfe cike da ruwan ɗauraya a bakin ƙofar falo, da niyyar ta zubar in ta sha ruwa. Ta zauna a kan keke don ta huta na minti ɗaya. Ba ta san lokacin da kanta ya kwanta a kan hannunta ba.

Mari ne ya tashe ta, mai zafi, a cinya.

"Tashi, shashasha!"

Ta zabura. Bokitin yana kife, ruwa ya malale falo, Ife tana zaune a tsakiyarsa jiƙe tun daga gashi har ƙafa, tana tari, ruwa yana fita ta hancinta. Bibiana ta ɗauke ta ta kifa a gwiwa tana bubbuga bayanta, har yarinyar ta tsala kuka. Sai da ta zo cire mata riga ta gani: a damtsen Ife na dama akwai shatin yatsu huɗu, dogaye fiye da na mutum, na jar ƙasa. Bokitin nan kuwa, ita kanta da hannu biyu take ɗaga shi.

Ta zauna cikin ruwan rungume da 'yarta. Ta dubi lungu. Ba ta san ko godiya za ta yi ko ihu ba.

Daga ranar Ife ta sauya. In Bibiana ta miƙa mata hannu, sai ta kalli bayan kafaɗarta, ta ɗaga hannuwa ga wanda ba a gani. Ta rage kama nono. Dariyarta duk ta koma lungu. Uwar da ta wuni tana hana ta wannan tana hana ta wancan ta zama kamar baƙuwa a wurinta. Wannan ya fi tsakuwa ciwo. Bibiana takan gama waya da Femi, ta ce masa lafiya lau, ta kife wayar ta yi kuka ba sauti don kada yarinyar ta ji.

Ranar Talata da yamma ta shiga bayi, ta bar Ife a cikin kwali babba da ta shimfiɗa wa zane. Ta fito ba ta gan ta ba. 'Yar ƙofar katako tana nan da sakatarta. Ta tsallake ta, ta banka ƙofar sito. Ife tana kwance a gindin surin, an yi mata matashi da wani tsumma, tana barci. Jikinta sanyi ƙalau kamar randa. Bibiana ta girgiza ta, ta kira sunanta, ta hura mata iska a fuska, ta shafa mata ruwa. Sai da aka ɗauki lokacin da za a iya dafa shayi kafin idanun suka buɗe, kuma da suka buɗe, sun daɗe kafin su gane ta.

Gari yana wayewa ta goya ta, ta hau bas zuwa Sabon Gari.

Kasuwa ta cika, masu baro suna ihun a ba su hanya, ana ciniki da Hausa da Inyamuranci da Turancin buroka. Ta sami surukarta a shago tana jera kulolin abinci. Shekara arba'in Mama ta yi a Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ruwa, amma har yau ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Bibiana kuwa "Iyawo" take kiranta, wato amarya.

"Iyawo, lafiya ka zo da sassafe?"

Bibiana ta durƙusa ta gaishe ta. Ta so ta yi bayani a tsanake, sai maganar ta ɓalle mata gaba ɗaya, tun daga maɓalli har zuwa bokiti. Mama ta karɓi jikarta, ta ɗaga hannun riga ta ga shatin da sabulu ya kasa fitarwa. Ta daɗe tana kallo.

"Sati uku," in ji ta. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Bibiana ta sunkuyar da kai. "Na ji tsoro ki ce ban iya reno ba, Mama. Ni na bar ruwan."

Mama ta yi tsaki, amma ba na faɗa ba. "Femi yana rarrafe ya sha kananzir a shagon nan, ina tsaye ina ba mutum canji. Wa ya iya reno? Tashi ka zauna."

Ta ɗauki waya ta ce za ta kira Malam Ja'afaru na Zabi, wani dattijo da ya taɓa yi wa maƙwabciyarta a kasuwa maganin irin wannan. Bibiana ta ce a hankali, "Mama, mu fa Kirista ne."

"Na riga ka zama Kirista. Addu'a ba za mu bari ba, da Littafina zan je. Amma maƙwabcin da ya dame ka, wanda ya san harshensa ake nema ya yi masa magana."

Washegari bayan la'asar Malam Ja'afaru ya iso a Keke Napep. Tsoho ne siriri, gemunsa fari fat, ba ya ɗauke da komai sai buta da carbi. Ya tsaya a ƙofar falo sai da aka ce ya shigo. Ya saurari Bibiana har ta gama bai katse ta ba, sannan ya tambaye ta ko ta taɓa zuba ruwan zafi a lungun, ko ta rushe surin. Ta ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya buɗe 'yar ƙofar katako, ya taka har ƙarshen lungu, ya yi sallama a ƙofar sito kamar yadda ake yi a gidan mutane. Ya dawo ya zauna a tabarma, ya fara karatu.

Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ta cika ɗakin. Bibiana tana tsugune a jikin bango da Ife a ƙirjinta. Mama tana kan benci, Littafi Mai Tsarki a cinyarta, idonta a rufe, tana addu'a da Yarbanci. Hasken taga ya yi ja, ya fara dusashewa. Kwaɗin gona da suka soma kuka suka yi tsit gaba ɗaya. Can Bibiana ta lura murya ɗaya take ji, ba biyu ba.

Ta waiwaya. Mama ta sauko daga benci ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu. Matar nan mai jiki da faɗin kafaɗa ta ranƙwafe, wuyanta ya shige, ta tsufa da shekara ɗari a zama ɗaya. Ta ɗago ido ta dubi Bibiana.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "kin kafa mini shinge a gidana."

Tsikar jikin Bibiana ta tashi. Tun da ta san Mama ba ta taɓa ce mata "ke" ba. Hausar ma wata iri ce, tsohuwar Hausar Zazzau, mai nauyi, irin wadda ba a ji yanzu sai a bakin tsofaffin cikin ganuwa.

Malam ya tsai da karatu. "Da wa nake magana?"

"Da wadda ta riga ku zama."

"Mene ne sunanki?"

"Sunana ya tafi da masu kirana."

"To, baiwar Allah, me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

Tsohuwar ta murza yatsun Mama a kan siminti. Sannan ta ce, "Nan kurmi ne da. Inda suke girki akwai tsamiya. Muna da yawa. Da aka kawo motar da take tuge itatuwa, nawa suka kwashe suka koma dutsen Kufena. Ni na ƙi, don ɗana yana kwance a ƙarƙashin surin nan, tun bai yi haƙori ba. Damina talatin da bakwai ina zaune. An yi gona a kaina, an yi gini a kaina, yara masu littattafai sun zo sun tafi. Ban taɓa ko tsinken wani ba. Ba wanda ya gan ni." Ta juya ta dubi Ife, fuskar ta saki. "Sai wannan ta rarrafo. Ta ɗaga kai ta gan ni, ta yi mini dariya. Ni ban je wurinta ba, Malam. Ita ta zo."

"Ita ba ta san iyaka ba," in ji Malam. "Wuta ma zuwa take yi. Ke kin sani."

"Na fitar da ita daga ruwa!" Muryar ta tashi, kwanon rufi ya amsa, kofuna suka yi ƙara a kan tebur. "Uwarta tana barci! Na ƙwace maɓalli daga bakinta, na kashe kunama a ƙarƙashin tabarmarta. Wanda ya tsamo abu daga kogi ba shi da rabo a ciki? A ba ni ita."

"Ba za a ba ki ba. Kin yi alheri, Allah ya gani. Amma kin kwantar da ita a wurinki rabin sa'a, da ƙyar ta dawo. In ta kwana, ba za ta dawo ba. Kin fi ni sani."

Ya ci gaba da karatu. Tsohuwar ta toshe kunnuwa, ta yi ta murƙususu tana nishi, har gumi ya karyo a goshin Mama. "Tsaya," in ji ta. "Tsaya, ka ƙona ni. A bar mini ita ran Juma'a kaɗai."

"Ko sa'a ɗaya."

Sai ta bar Malam, ta juyo ga Bibiana, ta sassauta murya har ta koma irin wadda take rarrashi da ita.

"'Yata, ke nake tambaya, ba shi ba. Shi yanzu zai tafi gidansa cikin jikokinsa. Wannan mai jikin gobe tana kasuwa. Mijinki sai wata ya mutu. Wa zai rage? Ina jin ki in kin kife waya. Ina jin ki kina yi wa keken ɗinki magana. Ni ma haka nake yi wa gara. Ki bar ni in zauna, ba zan ƙara ɗaukarta ba. Ki yi barcinki, idona yana kanta. Mu biyu mu rene ta."

Bibiana ta ji maganar ta shige ta har ƙashi. Wata takwas ba wanda ya ce mata ki yi barcinki. Ta dubi Malam. Bai ɗago ba, carbinsa kawai yake ja.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji shi. "Ta uwa ce. Abin da na sani kawai zan faɗa miki: ɗan da aljana ta rena, gangar jikinsa ce take zama wurin uwarsa."

Ife tana ta zillo a hannunta, tana miƙa wa tsohuwar hannu. Bibiana ta ƙara riƙe ta. Sannan ta ce:

"Iya, na gode. Ran 'yata kika ceta, ba ni da abin biyanki har in mutu. Kuma na san zaman da kike yi, wallahi na san shi." Ta dube ta ido cikin ido. "Amma a'a."

Can tsohuwar ta yi wata busasshiyar dariya, hawaye yana bin kumatun Mama.

"Haka nake ce wa 'yarki in ta nufi risho. Ta yi ta kuka, ba na fasawa." Ta share fuska da bayan hannu. "To, na ji. Amma ɗana fa? In na tafi, su zo su zuba masa siminti?"

"Gidan haya ne," in ji Bibiana. "Ba zan yi miki alkawarin abin da ba nawa ba. Amma muddin ina cikinsa, ba mai taɓa surin nan. Za a rufe ƙofar, ba mai shiga, har ita."

"Kin ji," in ji Malam. "Kufena ba ta matsa daga inda take ba. Ki je ki nemi naki. Kin yi alkawari ba za ki dawo gidan nan ba, ba za ki bi yarinyar nan ko'ina ba?"

"Na yi. Da wanda ya halicce ni ya halicce ku." Ta dubi Ife. "Saura abu ɗaya. Ban taɓa ɗaukarta da hannu mai ɗumi ba. A ba ni ita in riƙe, sau ɗaya."

Bibiana ta matso da gwiwa, ta ɗora Ife a kan hannuwan Mama, amma ba ta saki ƙafar yarinyar ba, ta riƙe idon sawun gam. Tsohuwar ta rungume ta, ta sa hanci a gashinta ta shaƙa, ta yi gunjin nan na maƙogwaro tana jijjiga ta. Ife ta kama leɓenta tana ja. Ba a daɗe ba ta miƙo ta da kanta.

"Karɓi. Akwai allura biyu a ƙarƙashin kujerarki, da ƙwayar magani a bayan kabad. Kullum ni nake kawar da irinsu. Daga yau babu mai kawarwa."

Mama ta yi atishawa sau uku, ta kife a gefe. Wata iska ta taso daga lungu, ta kaɗa labule ta fice, suka ji ta tana ratsa masarar bayan gida, tana nisa, tana nisa, har ta ɓace. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Da Mama ta farfaɗo sai ta nemi ruwa, ta shanye kofi biyu. Ta dubi Bibiana ta ce, "Iyawo, me ya sa kake kuka? Malam bai fara ba ne?"

Mama ta kwana uku a gidan kafin ta koma shagonta, ta kuma ce duk ranar Laraba da Asabar a kawo mata jikarta kasuwa, uwar ta zo da ɗinkin hannu ta zauna. Femi ya zo ƙarshen wata, ya ji labari daga bakin uwarsa, ya ɗauki guduma ya buga katako uku a ƙofar sito. Bibiana ta durƙusa da gwiwa da tafin hannu ta bi ɗakunan kusurwa-kusurwa. Ta sami allurai biyun da ƙwayar maganin, daidai inda aka ce. Ta sami wasu abubuwan ma da ba a faɗa ba. Daga ranar, haka take yi kowace safiya kafin ta sauke Ife daga gado, kuma ko ruwan kofi ba ta bari a ƙasa.

Ba a ƙara jifa ba. Shatin ya bi ruwan wanka. Sai dai shirun gidan ya zama wani iri, don a da, ko da tsoro, akwai wanda yake saurare a cikinsa. Wani lokaci da almuru Bibiana takan tsai da keke ta kasa kunne, sannan ta ji kunyar kanta ta ci gaba.

Ife ba ta haƙura da wuri ba. Kullum da yamma sai ta rarrafa zuwa 'yar ƙofar katako, ta kama sanduna ta leƙa, ta yi ta kira da yarenta, ta ƙare da kuka. Kullum Bibiana sai ta je ta zauna kusa da ita har ta gama, ba ta buɗe ba, ba ta kuma janye ta ba.

Rana ta tara bayan tafiyar Femi, Ife ta tafi da guntun burodi a hannu. Ta zauna, ta zura hannun ta tsakanin sanduna, ta miƙa shi cikin lungu. Ta jira. Ta ƙara miƙawa. Bibiana tana zaune a ƙasa a ɗaya ƙarshen falon, ba ta motsa ba. Yarinyar ta daɗe tana kallon duhun, sannan ta janye hannunta, ta dubi burodin, ta waiwayo. Ta kifa gwiwoyi ta taho, tana jan burodin a kan siminti, ta ratsa falon nan kaf har ta iso. Ta dafa cinyar uwarta ta ɗago, ta tura mata shi a baki, jiƙe da yawu, duk ƙasa.

Bibiana ta buɗe baki ta ci.